Ɓarauniyar da ke Ɓoye Faranti: Yadda Ƙwayar Bairos ke Ɓuya a Jikinmu

  Ina fata kin sauke tukunya, yara sun fita, kin samu kin ɗan miƙe ƙafa. To gyara zama, domin maganar tamu ta yau tana son natsuwa.

Wata 'yar'uwa ce ta aiko mana da wasiƙa, ta roƙi a sakaya sunanta. Ta ce ta fara ganin jini ba lokacin al'ada ba, ta sha maganin sanyi har ta gaji, daga baya maigida ya kai ta asibiti. Da aka gwada ta, likita ta ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma wata ƙwayar cuta ce ta haddasa ta, wadda mai yiwuwa ta fi shekara goma a jikinta. To nan fa rigima ta tashi. Maigida ya ce ta yaya cuta za ta shekara goma a jikin mutum ko ciwon kai bai yi ba? Surukarta ta ce sammu ne. Ita kuma zuciyarta ta tafi kan amaryar da aka yi mata bara. Shi ne take tambaya: wai da gaske cuta tana iya zama a jiki haka shiru, jiki bai sani ba?

'Yar'uwa, sannu, Allah Ya ba ki lafiya. Amsa a taƙaice ita ce: ƙwarai kuwa. Amma ba zan bar ki da taƙaitacciyar amsa ba, don in kin gane yadda abin yake, ke ma za ki iya yi wa wata bayani.

Mu fara da jikin kansa. Jikinki an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kimanin tiriliyan 30, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ki ɗauki kowace ɗaya a matsayin gida mai katanga, jikin kuma gari guda. A cikin kowane gida ana aiki dare da rana, ana sarrafa abin da masana ke kira furotin, wanda da shi ake gina komai, daga fata har jini. A garin nan akwai 'yan sintiri, su ne muke ce wa sojojin jiki ko garkuwar jiki. Suna zagayawa lungu da saƙo ta cikin jini.

Amma akwai matsala ɗaya, kuma ke kin fi kowa saninta. Ɗan sintiri iyakarsa ƙofar gida. Ba ya shiga. Ita kuwa ƙwayar cutar da ake kira bairos ba ta zama a waje. Ba irin ƙwayar bakteriya ba ce mai iya rayuwa da kanta. Bairos ba ta da murhu, ba ta da tukunya, ba ta iya hayayyafa sai ta shiga gidan wani ta mai da madafarsa tata. To in ɓarauniya tana ƙuryar ɗaki, mai tsaro yana waje, ta yaya zai san tana ciki?

Ki tuna yadda mutanen unguwa suke sanin abin da kike sarrafawa alhali ba su taɓa ganin tsakar gidanki ba. Farantin da yarinya ke fita da shi ne ke ba su labari. In ƙosai ne a kai, sun san wake kika niƙa. In ƙuli-ƙuli ne, sun san gyaɗa kika soya. To haka jiki yake yi. Kusan kowane gida a jikinki, ban da jajayen ƙwayoyin jini, dole ne ya riƙa fito da faranti ƙofar gida ɗauke da ɗan samfurin duk abin da ake dafawa a ciki. Masana suna kiran wannan faranti MHC na ɗaya.

Ga yadda ake shirya shi, ki bi ni sannu a hankali, matakai huɗu ne. Na farko, a cikin gidan akwai wani turmi da aikinsa shi ne daddatsa furotin da ya tsufa ko ya lalace, ya mai da shi gutsattsari ƙanana. Na biyu, akwai wata 'yar taga da ake miƙa gutsattsarin ta cikinta zuwa ɗakin da ake ƙera farantai, sunanta TAP. Na uku, a ɗakin sai a ɗora gutsure ɗaya a kan kowane faranti. Farantin da bai samu kaya ba, ba ya zama daram, yawanci ba ya ma kai wa waje. Na huɗu, a bi da farantin ta zaure a fito da shi ƙofar gida. Gida ɗaya yana iya jera dubban farantai a lokaci guda.

Sai 'yan sintiri su zo wucewa. Waɗannan ana kiran su ƙwayoyin T masu kisa. Tun suna ƙanana aka horar da su kada su taɓa abin da yake na gida. In suka duba faranti suka ga girkin gida ne, su wuce abinsu. In kuwa ɗaya daga cikinsu ya ga gutsuren da ba na gida ba, ya san baƙuwa ta shiga tana girki. Ba ya tsayawa sallama. Nan take zai rushe wannan gida ɗaya tare da abin da ke cikinsa, don sauran gari ya tsira. Wasu masana biyu, Peter Doherty da Rolf Zinkernagel, su ne suka gano a birnin Kanbera na Ostareliya, suka wallafa a 1974, cewa ɗan sintirin ba ya gane baƙuwa sai a kan farantin mai gida. Wannan aiki ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1996. Kuma farantan nan gado ne, rabi daga uwa, rabi daga uba. Shi ya sa in za a yi wa mutum dashen ƙoda ake fara duba 'yan'uwansa na jini, don in farantan sun sha bamban da yawa, sojojin jiki za su ɗauki sabuwar ƙodar a matsayin baƙuwa su far mata.

To kin ga tsari mai kyau. Da shi ne muke warkewa daga mura da ƙyanda da sauransu. Amma ɓarawo ma yana da nasa lissafin. Wasu ƙwayoyin bairos sun daɗe suna zaune da ɗan Adam, sun san sirrin faranti, kuma kowace da inda take kama shi.

Akwai mai toshe taga. Kin san ƙurajen nan da ke fesowa a leɓe bayan zazzaɓi, su warke, bayan wata da watanni su dawo wuri ɗaya? Bairos ce ke kawo su, ana ce mata hafis, kuma kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ita. Da ta shiga gida sai ta sarrafa wani ɗan furotin da zai je ya cushe tagar nan ta TAP. Turmi yana ta daka, amma ba gutsuren da ke wucewa. Farantai na zaune ba kaya. Kafin 'yan sintiri su farga, ta hayayyafa, ta sulale ta bi jijiya ta je ta kwanta can a gindinta, ta yi lamo ba girki ba hayaƙi. Ranar da jiki ya raunana saboda zazzaɓi ko gajiya, sai ta sake leƙowa.

Akwai wadda turmi ba ya iya daka kayanta. Sunanta Efsten-Bar, an gano ta a 1964 a cikin wata sankarar muƙamuƙi da likita Denis Burkitt ya bayyana a jikin yara a Yuganda a 1958. Ita nata furotin ɗin da take buƙata don ta zauna a gida, ta yi masa wata doguwar jela mai santsi wadda turmin ke kasa kamawa. In ba a daka ba, me za a ɗora a faranti? Mafi yawan manya a duniya suna ɗauke da ita har ƙarshen rayuwa, galibinsu ba abin da take yi musu.

Akwai mai fasa farantai tun a ɗaki. Ana kiranta CMV. Ita kam ba ta yarda da dabara ɗaya ba. Tana da furotin da ke toshe taga, da wanda ke riƙe faranti ya hana shi fita, da wasu biyu da ke jan sabon faranti su jefa shi cikin turmi a farfasa.

Sannan akwai wadda kowa ya san sunanta, ƙwayar cutar ƙanjamau. Ita tana da wani ɗan aike da ake kira Nef. Aikinsa ya tare farantai, ya karkatar da su daga hanyar ƙofa zuwa juji inda za a narkar da su. An bayyana wannan a 1996. Yana cikin dalilan da suka sa mutum ke iya shekaru da ƙwayar yana harkokinsa garau, alhali tana cin sojojin jikinsa a ɓoye.

Na san wata za ta ce, to su 'yan sintirin ba su da hankali ne? Gidan da kullum yake fito da faranti, yau an wayi gari ƙofarsa wayam, ai abin tambaya ne. Gaskiyarki. Ke ma in maƙwabciyarki ta kwana uku ba ki ga yarinyarta ta fito da talla ba, ai za ki aika a dubo ko lafiya. Jiki ma ya yi wannan tanadi. Akwai wata runduna ta daban, ana ce musu NK, su ba ruwansu da abin da ke kan faranti, rashin farantin suke dubawa. Ƙofar da suka tarar ba komai, su afka wa gidan. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Klas Kärre, shi ya fito da wannan bayani a shekarun 1980.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Ita CMV sai ta ƙera farantin bogi mai kama da na gaske ta ajiye a ƙofa, 'yan NK su gani su wuce. Ƙwayar ƙanjamau kuwa ba duka take kwashewa ba. Farantan iri-iri ne. Sai ta kwashe nau'i biyu da suka fi tona mata asiri, ta bar waɗanda 'yan NK suka fi dubawa. Kin ji makirci.

Yanzu mu dawo kan mai wasiƙarmu. Ƙwayar da likita ta gaya mata sunanta HPV. Wani likita Bajamushe, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa suka gano nau'o'inta biyu mafiya haɗari, na 16 a 1983 da na 18 a 1984, aka ba shi Nobel a 2008. Waɗannan biyun su ke haddasa kimanin kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa. Ana ɗaukar ta ne ta hanyar saduwar aure, kuma ta yaɗu ƙwarai, har ma mafi yawan maza da mata sukan gamu da ita ko sau ɗaya a rayuwa ba tare da sun sani ba.

Ita HPV gwana ce wajen ɓuya. Ba ta shiga jini, inda 'yan sintiri ke zagayawa. A fatar da ta lulluɓe bakin mahaifa take zama. Ba ta fasa gidan da ta shiga, don haka ba kumburi, ba zazzaɓi, ba ihun da zai tara jama'a. Tana jira ne har gidan ya tsufa ya saɓule da kansa kamar yadda fata ke yi, 'ya'yanta su fita tare da shi. Bayan haka tana da furotin mai suna E5 da ke tsare farantai a zaure, da wani mai suna E7 da ke rage yawan waɗanda ake ƙerawa tun farko.

Duk da haka, kada hankalinki ya tashi. A cikin mata goma da suka kamu, kimanin tara jikinsu yakan gano ta ya kore ta cikin shekara biyu, ba magani ba komai. Matsalar tana ga wadda ƙwayar ta samu wurin zama ta daɗe. Domin E7 ɗin nan da ɗan'uwansa E6 suna kuma kwance birkin da ke hana gida hayayyafa ba ƙa'ida. Sannu a hankali gidajen su lalace. Daga kamuwa zuwa sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga mace mai raunin garkuwa, kamar mai ƙanjamau da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 ma ta isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace mai ƙanjamau ta ninka sauran mata sau shida wajen haɗarin wannan sankara.

To 'yar'uwa mai wasiƙa, kin ga likitarki ba ta yi ƙarya ba. Kuma ki lissafa da kanki: cutar da ke buƙatar shekaru masu yawa kafin ta nuna, ba amaryar bara ce ta kawo ta ba. Ba wani gwaji da zai iya gaya miki ranar da ta shiga ko ta hannun wa. Namiji yana iya ɗauke da ita bai sani ba, mace mai miji ɗaya tak tana iya samunta. Ba shaidar lalata ba ce, ba kuma aikin sammu ba ne. Ki sauke wannan nauyi daga zuciyarki, ki fuskanci magani. Kai kuma maigida, in kana kusa kana ji, wannan lokacin tsayawa ne da ita, ba na tuhuma ba.

Abin ba ƙarami ba ne a ƙasarmu. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a 2020 mata kimanin 12,000 suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Nijeriya, kimanin 8,000 suka rasu. Yawancinsu sun isa asibiti ne bayan abu ya yi nisa, saboda sun jira jiki ya gaya musu. Jikin kuwa an rufe masa ido.

To mene ne abin yi? Abu biyu, kuma duk daga bayanin faranti suka fito.

Na farko, a kama ɓarauniya tun tana kan titi. Duk dabarun nan da na lissafa miki, sai ta shiga gida take iya yin su. A waje ba ta da ta-cewa. Wannan shi ne amfanin allurar rigakafin HPV. Abin da ke cikin allurar kwanson ƙwayar ne kawai, fanko, ba abin da zai hayayyafa a cikinsa. Kamar a nuna wa 'yan sintiri rigar ɓarauniya ne a ce ku riƙe kamanninta. Jiki sai ya tanadi makaman da za su cafke ta kafin ta taka dokin ƙofa. Shi ya sa ake yi wa yara mata 'yan shekara 9 zuwa 14, tun kafin aure. In ƙwayar ta riga ta shige, allurar ba ta fito da ita. An fara amfani da ita a duniya a 2006, Nijeriya ta shigar da ita cikin jerin rigakafin yara a watan Oktoba na 2023, allura ɗaya, kyauta. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda ya bi 'yan mata da mata kusan miliyan 1.7 a Suwidin, ya nuna waɗanda aka yi wa kafin shekara 17 haɗarin sankarar ya ragu musu da kusan kashi 90 cikin ɗari. Na san ana raɗe-raɗin wai tana hana haihuwa. An yi ɗaruruwan miliyoyin allurar nan a duniya, an bibiya, ba a samu haka ba. Ita sankarar ce ma ke raba mace da mahaifarta.

Na biyu, ke da kika riga kika yi aure, gwaji ne naki. Abin da ɗan sintiri ya kasa gani, ma'aikaciyar lafiya tana iya gani. Ana shafa wani ruwa mai tsami a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Ana kuma ɗaukar ɗan samfuri a duba ƙwayar kanta, a wasu wurare ma ke za ki ɗauka da hannunki ki miƙa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a fara daga shekara 30, mai ƙanjamau kuma daga 25. In an ga wurin tun bai zama sankara ba, cikin 'yan mintuna ake ƙone shi da zafi ko sanyi, ki koma gida a ranar. In kunya ce, ki nemi mace ta duba ki, haƙƙinki ne. In izinin fita ne, ki zaɓi lokacin da maigida yake cikin nishaɗi ki yi masa bayani, ko ki sa wata babba da yake jin nauyinta ta yi masa magana. Haka gwajin ƙanjamau a wurin awon ciki: kada ki ce ai lafiyata ƙalau. Magungunan da ake bayarwa suna danne ƙwayar, suna kuma kare jariri.

Ga kuma alamomin da ba a kwana da su: jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa. Ba kowane lokaci ne suke nufin sankara ba, amma ba a yi musu hayaƙi ko matsi a zauna jira. Asibiti ake zuwa.

Ni kaina ina da 'ya 'yar shekara goma. Ranar da aka zo yi musu allurar, na riƙe hannunta, ta ɗan ɓata fuska, hannun ya yi mata tsami kwana ɗaya, shi ke nan. Da ta tambaye ni ta mece ce, na ce mata ta wata ɓarauniya ce da ba a ganinta in ta shiga gida, shi ya sa muke tare ta a ƙofa.

Uwargida, yau in kin ga yarinyarki ta ɗauki faranti za ta fita, ki dubi shekarunta. In ta kai tara ba ta wuce sha huɗu ba, ki tambayi asibitin unguwarku ranar rigakafi. Ke kuma ki tambayi ranar gwaji. Mai wasiƙarmu, muna jiran labarinki, ki ci gaba da zuwa ganin likita kada ki yanke. Sai wani makon in muna da rabon saduwa. A gaida maigida da yara. Ku huta lafiya.